Gado Mai Taya Uku

Ranar da Mai Labule ta dawo daga shago ta tarar da katifarta a ƙasa, ba ta yi ihu ba. Leƙa tsakar gida ta yi. Ga gadonta na ƙarfe can, an ɗaura masa tayoyin keke uku, an kafa dogon bututu a tsakiya. Mijinta, mai gyaran keke da ya raɗa wa kansa Injiniya tun ranar da ya sayi tabarau, yana zagaya shi, hannu a baya.

"Baban 'yan biyu, ba gadona ba ne wannan?"

"A da ke nan. Yanzu motar iska ce. Ba fetur, ba feda. Kimiyya ce, ba lallai ki gane ba."

"Na dai gane bayana zai kwana a siminti."

Suka yi sharaɗi. Ita za ta ɗinka ƙyallen da iska za ta tura. In abin ya motsa, gado ya zama nasa. In ya ƙi, a kwance tayoyi a mayar mata da kayanta.

Ya ce yana son ƙyallen a miƙe sak kamar allo. Ta ce to. Ta hau keken ɗinki ta yi masa tattara irin ta labulen falo, har ya yi tumbi. A ranta ta ce iska ta shiga nan ta ɓata hanya.

A filin bayan unguwa ya ɗaga ƙyallen, ya ɓata rai.

"Wannan ai labule ne!"

"Ai mai labule ka aura."

Haka nan ya ɗaura ƙyallen a jikin bututun, ya haye gadon. Iskar ma daga gefe take zuwa, ba daga baya ba. Hankalinta ya kwanta. Wa ya taɓa tura amalanke ta haƙarƙari ta yi gaba?

Sai tumbin ya cika, ya lanƙwashe kamar fiffike. Iska ta riƙa zamewa ta bayansa tana jan sa. Taya kuwa ba ta tafiya a kaikaice, don haka gado bai da hanya sai gaba. Yana ƙara gudu, iskar da yake karo da ita tana ƙaruwa, tana ƙara jan sa. Har ya wuce wata leda da iska ta ɗauko. Injiniya na ta kiran sunan Allah, don gado ba ya zuwa da birki.

Da takalminsa ya tsayar da shi. Ya dawo yana turawa, ya gyara tabarau.

"Kin ga lanƙwasar nan? Dama na lissafa da ita."

"Sannu da lissafi."

Suna isa gida ta jawo katifa ta ɗora a kai, ta shimfiɗa zanen gado, ta jera matasai.

"Ke, sharaɗinmu fa? Gadon nawa ne!"

"Na musa? Ina mace take kwana in ba a gadon mijinta ba? Sa dutse a tayar nan, kada in farka a kasuwa."