Ruwan da Sylvanus Bai Ji Ba

Shekara ashirin da biyu Sylvanus ya yi a ɗakin injinan saƙa, a wata masaƙa da ke Kakuri. A daminar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wani ƙugi ya zauna masa a kunne, ko ya dawo gida ba ya barinsa. Wata nas a cocinsu ta ce masa ƙarar ruwa mai zuba takan sauƙaƙa wa wasu irin wannan damuwa.

Sai ya ce da kansa zai haɗa abin da zai riƙa zubo da ruwa a cikin gida. Ya sayo kasko mai faɗi, ya samo famfon ruwan wanke gilashin mota a wurin makanikai, da batirin babur, da siririyar roba. Ya huda kaskon ta gefe, ya liƙa famfon, ya toshe bakin hudar da siminti. Ya kife wata 'yar tukunya a tsakiya, ya zura robar ta cikinta har ta leƙo sama, sannan ya jera tsakuwa kewaye da ita. Mako biyu yana fama, don kaskon farko ya tsage.

Ranar Lahadi bayan sujada ya ɗora shi kan teburin falo, ya kira matarsa Celina. Ya haɗa waya. Ruwa ya taso, ya gangaro kan tukunyar zuwa cikin tsakuwa.

"Ya yi kyau, Baban Talatu," in ji Celina. "Kamar rafin garinmu."

"Saura ƙara," ya ce. "Bai fara ƙara ba."

Ya ɗaga robar don ruwan ya faɗo daga sama. Ya saurara, ya sake ɗagawa. Ruwa ya fara fantsama kan tebur.

Celina ta kama hannunsa, ta matso kusa da fuskarsa. "Yana ƙara. Ko daga kicin zan ji shi."

Sylvanus ya dube ta. Ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa ruwan, ya juya ɗaya kunnen. Ya daɗe a haka kafin ya zauna.

"Tun yaushe kike ɗaga mini murya?"

"Tun bara," ta ce. "Ni da Talatu muka bar abin tsakaninmu."

Ta ɗauko tsumma tana goge teburin, idonta ya cika, ta kai hannu za ta cire wayar.

"Bar shi," ya ce. "Ke ai kina ji."

Ranar Laraba suka je asibiti. Likita ya gwada kunnuwansa, ya ce jin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a kare ɗan abin da ya rage, kuma dole ya bar ɗakin injinan. Sylvanus bai iya wani aiki ba, Talatu kuma saura mata shekara biyu a makaranta. Washegari Celina ta ba shi auduga, ya cusa a kunne, ya hau kekensa ya tafi aiki.