Baristan Kasuwar Kuje

Shekara goma sha tara Zacharias Bulus ya yi yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke bakin kasuwar Kuje, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da irin masara. Da tafireta ya fara, daga baya ya samu kwamfuta. Wanda katin shaidarsa ya ɓata, da wanda zai yi rantsuwar shekarun haihuwa, da matar da ke son rubuta wa ofishin fansho wasiƙa, duk wurinsa suke zuwa. Da yake kullum cikin farar riga da baƙin wando yake, ga shi Turancin takardun kotu ya zauna a bakinsa, sai 'yan kasuwa suka laƙaba masa suna Barista.

Sunan yana ɓata masa rai, domin ya san doka ta hana wanda ba lauya ba ya amsa shi. Amma a can cikin zuciyarsa babu abin da yake so kamar ya zama lauyan gaske. Yana da shekara arba'in da shida, bayan 'yarsa Fortune ta gama makaranta, ya rubuta jarrabawa ya samu gurbin karatun lauya a jami'a. Matarsa Justina ta karɓi shagon. Ƙungiyar 'yan kasuwa kuwa, wadda Hajiya Batulu 'yar Zariya mai sayar da atamfa take shugabanta, ta ce ita za ta ɗauki nauyin karatun.

"Mun gaji da hawa mota zuwa cikin gari neman lauyan da ba ya ko jin abin da muke faɗa," in ji Hajiya. "Namu muke so."

Ya yi shekara biyar yana zama a aji da sa'annin 'yarsa, suna kiransa Dadi. Ya ƙara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, ya ci jarrabawa. Saura mako uku a rantsar da su, sai ga wasiƙa daga kwamitin da ke tantance halin sababbin lauyoyi. An kai ƙorafi cewa ya daɗe yana yi wa jama'a sojan gona da sunan lauya a Kuje. Ana so ya bayyana ranar Talata.

Ya karanta sau uku, ya ajiye a kan tebur, ya kasa cin tuwon da ke gabansa.

"Baban Fortune, ka taɓa ce wa wani kai lauya ne?" Justina ta tambaye shi.

"Ko sau ɗaya."

"To, ci abincinka."

Shi bai gaya wa kowa ba, amma kafin la'asar ɗin washegari labarin ya zaga kasuwa, don Justina ba ta iya riƙe irin wannan magana. Ranar Talata da safe ya fito zai nemi mota, sai ya tarar da bas cike da mutane a ƙofar gidansa, Hajiya Batulu tana gaba kusa da direba.

"Hajiya, ba fa biki ba ne," ya ce.

"Shigo mu tafi, Barista."

"Don Allah, yau kam kada wanda ya kira ni da sunan nan!"

Mai gadin ofishin ya bar mutum biyu kawai suka shiga tare da shi, Justina da Hajiya. Sauran suka baje a ƙarƙashin bishiya. A ciki mutum uku ne zaune a bayan dogon tebur, a tsakiyarsu wata tsohuwar alƙaliya mai furfura da tabarau a kan hanci. A gefe guda kuma ga wadda ta kai ƙorafin, wata matashiyar lauya mai suna Linda.

Linda ta miƙe ta yi bayani a natse. Ta ce ta je Kuje aiki, ta ji kasuwa gaba ɗaya tana zancen wani Barista da ya yi shekaru yana yi musu takardu. Da ta duba rajistar lauyoyi ba ta ga sunansa ba. Ta ce ta sha ganin talakawan da lauyoyin bogi suka raba da gonakinsu, shi ya sa ba ta yi shiru ba.

Zacharias ya kasa jin haushinta. Da shi ne ma haka zai yi.

Alƙaliyar ta dube shi ta saman tabarau. "Mista Zacharias, ana kiranka Barista a Kuje?"

"Ana kira na, ranki ya daɗe. Amma ban taɓa amsawa ba."

"Akwai mai shaida?"

Hajiya Batulu ba ta jira an kira ta ba. Ta gyara mayafinta ta ce ita da Hausa za ta yi magana. Alƙaliyar ta amsa mata da Hausa mai kyau, ta ce bismillah.

"Ranki ya daɗe, mutumin nan ya ishe mu da taurin kai. Idan ka ce masa Barista, ko juyowa ba ya yi, sai ka ce kurma. Har allo ya kafa a shagonsa, wai shi ba lauya ba ne, mai buga takardu ne. Mu kuma ba mu daina ba, tunda bakinmu ya saba. Laifinmu ne, ba nasa ba."

Justina ta miƙa wayarta. Wani tsohon hoto ne na ranar sunan ɗan maƙwabcinsu, an ɗauka a ƙofar shagon, ga allon a bayan mutane da jan fenti. Mutanen kwamitin suka karɓa suna miƙa wa juna.

"Ban gama ba," in ji Hajiya. "Shekarar da na sayi fili a hanyar Gwagwalada, na ce ya rubuta mini takardar ciniki. Ya ƙi. Ya ce aikin lauya ne, shi ba ya taɓa takardar fili. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, ya tsaya a kan bakansa. Wata uku ban gaishe shi ba. Da na haƙura na je wurin lauyan da ya nuna mini, ashe filin an riga an sayar wa mutum biyu kafin ni."

Dattijon da ke hannun daman alƙaliyar ya yi dariya har ya cire hularsa. Ita kuwa ba ta yi ba. Ta juya wata takarda.

"Na ga ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta biya maka karatu. Wannan ya fi damuna. Gobe idan ƙungiyar ta zalunci wata mai sayar da tumatir, ta zo wurinka, wa za ka bi?"

Wannan tambayar Zacharias ya daɗe da yi wa kansa. Nan take ya amsa.

"Ranki ya daɗe, tun kafin na karɓi taimakonsu na gaya musu ba su saye ni ba. Zan ba su shawara kyauta duk ranar kasuwa. Amma idan rigima ta haɗa ƙungiya da ɗaya daga cikin 'ya'yanta, ba zan tsaya wa kowa ba, zan tura kowanne wurin wani lauyan. Mun rubuta, mun sa hannu."

"Wa ya rubuta?"

"Lauya, ranki ya daɗe."

"Nan ma sai da ya sa muka hau mota zuwa cikin gari!" Hajiya ta faɗa da ƙarfi.

A nan alƙaliyar ta kasa danne dariya. Ta cire tabarau ta goge ido. Suka ɗan yi ƙus-ƙus su uku, sannan ta ce kwamiti bai same shi da laifi ba, sunansa yana nan cikin waɗanda za a rantsar. Ta yaba wa Linda, ta ce da kowane lauya yana sa ido haka, da 'yan bogi sun rasa wurin ɓuya.

A bakin ƙofa Linda ta tare shi, kunya ta cika mata fuska.

"Oga, ka yi haƙuri. Ban sani ba."

"Aikinki kika yi, 'yata."

Da suka fito, Justina ta ɗaga hannu biyu sama tana cewa an gode wa Ubangiji. Matan da ke ƙarƙashin bishiya suka saki guɗa, har mai gadi ya zo yana roƙo a rage murya. Hajiya ta kamo hannun Linda ta ce ba za ta tafi ba sai ta ci wainar da suka zo da ita, kuma dole ta zo Kuje ranar walima.

Ta kuwa zo. Ranar da aka rantsar da shi, aka kafa rumfuna a filin bayan kasuwa. Mawaƙan cocinsu suka yi waƙa, limamin masallacin kasuwa ya yi addu'a, aka ci shinkafa da naman rago. Zacharias ya sa baƙar riga da farar hular gashi ta lauyoyi, rana tana dukansa, gumi yana gangaro masa har wuya. Kowa yana son hoto da shi. Hular tana yi masa ƙaiƙayi, amma duk sanda ya kai hannu zai cire, sai Fortune ta ce, "Dadi, saura ɗaya!"

Linda ce ta yi masa hanya a ofishin da take aiki, don ya fara gogewa a hannun manya. Bayan wata guda aka ba shi shari'arsa ta farko. Wani manomi ne daga wajen Abaji, mai suna Hafizu, da aka tsare kan rikicin iyakar gona, iyalinsa ba su da halin ɗaukar lauya. Da aka kira ƙarar, Zacharias ya miƙe. Ya faɗi sunansa, ya ce shi ke tsaya wa wanda ake ƙara, ya nemi beli. Ya kawo dalilansa ɗaya bayan ɗaya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Alƙali ya yi rubutu na ɗan lokaci, ya ɗago ya ce ya bayar.

A waje matar Hafizu ta durƙusa tana kuka tana godiya, ya ce ta tashi. Ta buɗe buhu ta fito da doya biyu manya ta ce lallai sai ya karɓa. Ya ce aikin kyauta ne, ba a karɓar komai. Suka yi ta ja har Hafizu ya fito, ya ce to ya zo gida cin abinci idan an yi girbi. Wannan kam Zacharias ya amsa. Ya naɗe rigarsa ya sa a jaka, ya kira Justina ya ba ta labari tun daga farko.