Izinin da Malam Ya'u Ya Bayar

Shekara tara Malam Ya'u ya yi yana sakataren ƙungiyar manoman fadama a Katuzu, kuma tun a shekara ta biyu yake jiran ranar da za a ce ya fito takarar kansila. Saboda haka da dattawan unguwa suka yi sallama a ƙofar gidansa wata Laraba bayan la'asar, Goni Ibram a gabansu, sai da ya koma ciki ya sake hula.

Ashe ba shi suka zo nema ba. Bayan an gaisa, Goni ya ce matan ƙungiyar gyaran shinkafa ne suka aiko su. Suna so shugabarsu, wato matarsa Radiyya, ta tsaya takara, kuma ba a tunkarar matar mutum da irin wannan magana sai an bi ta kan mijinta. Ya'u ya yi murmushi har kumatunsa suka gaji, ya roƙi a ba shi kwana biyu.

Shi ya koya wa Radiyya rubuta wasiƙa. Takardar da ta kawo wa matan injin casa, shi ya gyara mata ita layi-layi. Amma yau ko ɗan acaɓa ne ya ɗauko baƙo daga Gashua, gidan Shugaba yake tambaya, kuma kowa ya san wace ake nufi.

Ya yi tunanin ya hana. Zai iya fakewa da yara, ko da nisan hanya, sai dai garin ƙarami ne, kowa zai gane. A rana ta biyu, yana cikin ban ruwan albasa, lissafi ya zo masa. Zaɓen fid da gwanin 'yar tinƙe za a yi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so da rana tsaka a filin makaranta. Ya san mazan Katuzu ɗaya-ɗaya. Ba mai barin layin Alhaji Saleh mai taki, abokin takararta, ya tsaya bayan mace, surukansa suna kallo. Idan ta yi ƙoƙari ta sami mutum arba'in. Za ta faɗi, ta dawo gida, shi kuma ya lallashe ta.

Sai ya aika wa Goni cewa ya amince.

Yabo ya yi ta zuwa masa, a masallaci, a wajen mai shayi, har a kasuwar Jajimaji. Abin ya riƙa cizonsa. Yakan tambayi kansa ko mutumin da ya yi abin kirki don a ji kunya yana da wani lada, ko kuwa gara wanda ya hana a fili. Bai taɓa kai tambayar ƙarshe ba.

Ranar zaɓe shi ne na farko a bayanta, don ba yadda za a yi miji ya tsaya wani wuri. Maza talatin da ɗaya suka biyo shi, yawancinsu danginta. Layin Alhaji Saleh kuwa ya kai har gindin darbejiya. Ya'u ya ɗan karkata kai yana ƙirgawa, leɓɓansa na motsi, ransa na yin sanyi.

Mata ne bai sa a lissafi ba. A duk taron da ya taɓa rubuta sunaye, maigida ke magana da yawun gidansa. Su kuma sun makara ne kawai, domin ba a barin shinkafa a kan wuta idan an fara turara ta. Ana shirin fara ƙirga sai ga su a ƙafa, sai ga a-kori-kura biyu daga ƙauyukan bakin kogi, wasu da toka a hannu, kowace da katin jam'iyya a ƙulle a bakin zani. Layinsu ya wuce darbejiyar, ya lanƙwasa ta bayan ajujuwa.

Da aka faɗi sakamako guɗa ta tashi. Goni Ibram ya kama hannun Ya'u ya ɗaga, ya ce wa jama'a su kalli namijin da ya isa.

Sai da mutane suka ɗan janye Radiyya ta juyo gare shi, tana gyara mayafi.

"Baban Bushra, nawa ka samu a layin Alhaji?"

Ya ce bai gane ba.

"Tun ɗazu nake jin ka a bayana. Har ka ɓata a wajen casa'in ka sake farawa."

Ya dubi ƙasa. "Ɗari da goma sha bakwai," in ji shi.

"Haka jami'in zaɓe ma ya samu." Sannan ta ƙara da cewa, "Da ka ce kada in fito, wallahi da ban fito ba."

Ya san gaskiya ta faɗa, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Kafin ya kai ga cewa ya yi mata murna, Mas'uda, mataimakiyarta, ta zo ta ja hannunta, wai ana jiranta ta sa hannu a takarda. Radiyya ta tafi ba ta waiwaya ba, shi kuma ya tsaya a inda layin ya fara, yana amsa barka.