Ƙyauren Baba Salmanu

Khairiyya ta shigo da kwanon kunu, ta tarar Abdurrazak ya durƙusa yana kwance ƙyauren ɗakin kawunsa, farar rigar ofis duk ta sha tsatsa. Baba Salmanu na kwance, numfashi sama-sama, amma bakin nan bai mutu ba, sai tsiya yake masa wai hannun biro ina ya san guduma.

Ta tambaya ko lafiya. Abdurrazak ya amsa rabi Hausa rabi Faransanci, ya ce tun daga wurin aikinsa a unguwar Bonapriso tsohon ya sa aka kira shi. Ya zaci jikin ne ya tashi, ashe ƙofa ake so a cire. Da daminar nan, da sauron unguwar nan tasu ta New Bell!

To, bari ku ji mafari. Mijin Khairiyya ya rasu ya bar ta da Ikhlas, 'yar shekara huɗu. Ƙosai take toyawa a bakin kasuwa, yarinya na wasa gindin kasko, har yau akwai tabon ƙuna a hannunta. Bana gwamnati ta ƙara ajin ƙananan yara a makarantar unguwa, kyauta ga irinsu Khairiyya, Ikhlas kuwa ta samu gurbi. Sai dai tsakanin lungunsu da makarantar akwai ƙaton lambatu, ruwan farko ya tafi da gadarsa. Maƙwabcinsu Baba Salmanu, tsohon ɗan dakon tashar jirgin ruwa, shi ya riƙa saɓa yaran a kafaɗa yana ƙetarar da su. Kowace safiya Ikhlas ce ke ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Da ciwo ya kayar da shi, Ikhlas ta koma gindin kasko. Malamar ajin ta aiko cikin lalama cewa masu jira da yawa, kujera ba za ta daɗe ba kowa ba. Khairiyya ba ta gaya masa ba, amma bangon katako ai ba ya riƙe sirri.

"Baba, don Allah ka bari," in ji ta. "Sanyi zai ƙarasa ka."

"'Yar nan, mai ƙarasa ni ba ta ƙofa zai shigo ba." Ya ɗan huta. "Katakon jirgi ne, ni na haɗa shi. Giwa ma ya ɗauka, balle wannan 'yar tsakuwar taki."

Ta kwance mayafinta ta rataya masa a bakin ƙofa, ya ce ta ɗage gefe guda.

Maza suka kinkimi ƙyauren suka gitta shi a kan lambatun. Abdurrazak ya shiga caɓi har gwiwa yana danne gefen da duwatsu, tsohon na hango shi daga gado yana cewa yau dai karatu ya yi rana. Washegari Khairiyya ta ga idonsa na bin yara suna ƙetarewa ɗaya bayan ɗaya, Ikhlas a gaba da jakarta. Kunun ranar ya sha fiye da kullum.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika, Allah ya jiƙansa. Masu ɗaukar makara ma ta kan ƙyauren suka bi da shi, bai ko girgiza ba.

Litinin aka tashi da yayyafi. Khairiyya ta rako 'yarta har bakin lambatu, bakinta na motsi da addu'a. Ikhlas ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta tsuguna, ta ƙwanƙwasa katakon da ɗan hannun nan mai tabo.

"Salamu alaikum, Baba. Mun tafi."

Ta jira kaɗan, kamar yadda ta saba. Sannan ta gyara jakarta, ta ƙetare.