Minti Huɗun Gimba

Mijina Gimba direban bas ne a Handsworth, amma ranar Lahadi bayan coci saksofon yake hurawa tare da abokansa 'yan Jamaika masu kiɗan jaz. Bai iya karanta kiɗa a takarda ba ko kaɗan. 'Yarmu Hannah kuwa Manchester ta tafi koyon tsara kiɗan Turawa, irin wanda ake rubuta wa kowane makaɗi abin da zai yi. Ni Murna ina tsakiya, kunnena ya sha musu.

A hutun Kirsimeti ta ɓaro magana muna cin tuwo.

"Baba, naku ai hurawa ce kawai, duk abin da ya zo baki. Mu a uni sai mu yi wata shida kan page goma."

Ya ajiye lomarsa ya wanke hannu. Ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin jarrabawarta ta ƙarshe ba, inda za a yi kiɗan da ta tsara a gaban jama'a. Abin ya ci mini rai. Na tura mata bidiyonsa na minti huɗu yana hura saksofon, na ce tunda abin banza ne, ta rubuta mini kiɗan a takarda kafin Lahadi.

Sai bayan sati bakwai ta kira daga Fallowfield, unguwarsu a Manchester, murya a sanyaye.

"Mama, ki ce ya sake hura mini tsakiyar nan a hankali."

"Wace tsakiya? Ubanki bai taɓa hura abu ɗaya sau biyu ba."

Ranar jarrabawa da ƙyar na sa shi a jirgin ƙasa, yana cika yana batsewa. Makaɗa tara suka hau dandamali, takwas da gogen Turawa, ɗaya da saksofon, kowa idonsa a takarda. Mai saksofon har zufa yake yi. Gimba ya daina hura hanci, ya karkato kaina.

"Murna, yarinyar nan ta fi ni. Ji yadda ta saƙa gogen nan. Wurin saksofon kuwa, ko ni ba zan iya shi ba."

Na miƙa masa takardar shirin, kaina kamar ya taɓa rufi. Ƙarƙashin sunan Hannah an rubuta: saksofon, yadda Gimba Manasseh ya hura shi.

Da aka tashi ta zo rungume da takardunta, ta kasa haɗa ido da shi. Ya lalubo tabaransa.

"Nuna mini inda nake a ciki."

Ta kama yatsansa ta ɗora a layin farko.