Inda Ake Ɗauke Wuta

Da zarar rana ta juya, haskenta ya zamo daga taga ya kwanta a hannun kujerar da ke gaban talabijin, Koci zai fara kiran matarsa.

"Kyaftin! Za a take wasa, ke kina can kina faɗa da kwanuka!"

"Ga ni nan, ranka ya daɗe. Ai ba su isa su fara ba sai na iso."

Shi ya raɗa mata sunan tun suna sabon aure, lokacin da yake horar da ƙungiyar ƙwallon unguwa. Ya ce shi dai malami ne a fili, amma a gida ita ke ɗaure da kambu. Yanzu ciwon mantuwa ya yashe masa kai kamar yadda ɓarawo ke yashe ɗaki. Yakan manta ya ci abinci, yakan ajiye takalmi cikin firji, yakan tambayi maƙwabcin da suka tsufa tare ko baƙo ne. Amma bai taɓa manta Kyaftin ba, bai kuma manta Barewa ba, ɗansu tilo, wanda 'yan kallo suka sa wa sunan saboda gudunsa.

Abin da ya manta shi ne Barewa ya rasu.

Kaset ɗaya ne, na wasan ƙarshe na cin kofi. Wani mai ɗaukar hoton biki ya ɗauka, yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Koci a bakin layi, shi ya sa hoton ke rawa, muryar Koci kuma ta fi ta kowa tashi. Kowace yamma sai Kyaftin ta tura kaset ɗin cikin bidiyo, ta miƙa masa rimot, ta koma kicin. Shi kuwa ya gyara zama kamar yau ake buga wasan. Bai san wa zai ci ba. Ya zagi alƙalin wasa, ya ce mai tsaron ragar abokan hamayya ko kwando aka ba shi ba zai kama ba, ya ɗaga ƙafa yana harbin iska har silifas ɗinsa ya tashi.

Ita ba ta kallo. Idonta ba zai iya ɗaukar fuskar yaron ba. Da kunne take bin wasan, ta haddace shi kamar waƙar raino. Bayan hutun rabin lokaci Barewa zai zura ƙwallo, muryar Koci ta cikin kaset ta tsage: "Ɗana ne! Jama'a ku duba, ɗana ne wannan!" Koci na falo ma ya ɗauka, murya biyu, ta da da ta yanzu, su haɗu su cika gidan. Sai ya danna maɓalli ya mayar baya, don yatsansa bai manta wannan ba. Ya sake kallo, ya sake mayarwa, har ya ƙoshi.

Wannan ihun shi ne alamarta. Idan ya ƙoshi ya bar kaset ya wuce, ta ji usur ɗin komawa wasa, sai ta miƙa hannu bayan ƙofar kicin, inda wayar da ke kai wuta ga talabijin da bidiyo da fanka take, ta kashe soket.

"Kash! Sun ɗauke!"

"Sun ɗauke, Koci. Masu wutar nan ba su da imani."

"To ai ga rediyon maƙwabta na magana."

"Da batir suke. Ka san su da ƙaryar arziki."

Sai ta zo ta zauna kusa da shi cikin zafi tana yi masa fifita da murfin kwali, su biyu suna zufa a gidan da wuta ke nan daram. Ya tambaye ta yaushe Barewa zai dawo daga sansanin horo, ta ce ya kusa. Domin abin da ke gaba a kaset ɗin, jim kaɗan bayan usur ɗin nan, shi ne Barewa yana gudu, ba wanda ya taɓa shi, ya durƙusa, ya kwanta. Mai hoton bai kashe kyamara ba. Ita ba ta je filin ba ranar, labari aka ba ta, ba ta kuma taɓa barin kaset ɗin ya kai nan ba.

Ran nan bidiyon ya yi wata ƙara kamar wanda ya shaƙe, ya tsaya cak. Da ta zaro kaset ɗin, sai zaren ya biyo shi a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ta ɓoye shi ta ce wa Koci an ɗage wasa. Washegari da yamma ta juya baya kawai, sai ga ƙofa a buɗe. A bakin babban titi ta same shi, ba takalmi, yana tambayar masu wucewa hanyar fili, wai ɗansa na wasa yau shi kuma ya makara. Motoci na ta yi masa hon. Ta riƙo hannunsa, hannun da ya taɓa ɗaga ta sama ranar da ƙungiyarsa ta ci kofin farko, ta ja shi suka koma gida.

Da safe ta kulle shi a ɗaki yana barci ta tafi wajen mai gyara.

Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, cike da gawar rediyo da ƙaurin dalma. Mai gyaran ya juya kaset ɗin a hannu yana dariya.

"Mama, wannan ai sa'an kakana ne. In mayar miki da shi cikin waya mana?"

"Mai shi ba ya yarda da waya. Sai ya ji kaset ya shige ya ce ƙarat. Kai dai gyara, ɗan nan, na ga bakinka ya fi hannunka aiki."

Ya kwance murfin ya ɗaga zaren a hasken fitila. "Wajen nan ya sha kallo har ya yi laushi, shi ya sa inji ya tauna shi. Ba ya gyaruwa. Sai dai in yanke in haɗa bakin biyu."

"Da yawa?"

"Bai fi tsawon mayafinki ba."

Ta dubi dunƙulen zaren da ke naɗe a ciki, wasa guda cur, ta ga mayafi ɗaya ba komai ba ne. Ya sa reza, ya manna, ya naɗe, ya jarraba mata farkon. 'Yan wasa suka fito a jere, na uku daga hagu Barewa ne, yana ɗaure igiyar takalmi. Ta kawar da kai da sauri.

"Ya isa. Ya isa haka, Allah ya yi maka albarka."

Da yamma Koci ya karɓi rimot kamar yaron da aka mayar wa da abin wasansa. Ita ta koma kicin tana yanka albasa, zuciyarta ta sauka a karon farko cikin kwanakin nan. Ga zagin alƙali. Ga hutun rabin lokaci. Ga usur. Ta ci gaba da yanka tana jiran ihun. Wani ɗan ƙit ya wuce cikin sautin, ba ta kula ba. Ta ce a ranta yau wasan ya yi nisa, ko ita ce ta ƙosa.

Sai filin ya yi shiru.

Wani irin shiru ne da ba ya cikin haddarta. Daga cikinsa muryar Koci ta kaset ta fito, ba irin ta murna ba, siririya, a tsorace: "Tashi mana. Kai, tashi!" Ta falo ta amsa mata: "Tashi, yarona!"

Wuƙar ta faɗi. Ta wuce soket ɗin da gudu ba ta ko tuna da shi ba. Ta tarar da Koci a durƙushe gaban talabijin, tafukansa biyu a kan gilashin. Ta faɗa tsakaninsu, ta laluba baya ta fizge waya. Koren fili kawai ta gani, da ƙafafun mutane masu gudu, sannan baƙi.

"Kyaftin, yaron ya faɗi. Ba wanda ya taɓa shi, ina kallo. Ɗauko min takalmina."

"Koci..."

"Takalmina na ce! Kin tsaya kina kallona? Ba su iya komai ba, za su taru a kansa su hana shi iska!"

Ya miƙe ya nufi ƙofa, ya kama mariƙin, ya tsaya. Ta ga abin yana dawo masa daga ƙeya zuwa kafaɗu, ta ga bayansa yana lanƙwashewa a hankali. Da ya juyo, idanunsa tar suke, irin na mutumin da ta aura. Shekara da shekaru tana roƙon Allah ya dawo mata da wannan kallon ko na minti ɗaya, ga shi ya dawo a ranar da ba ta so.

"Mun binne shi, ko?"

Bakinta da ya saba da ƙaryar wuta da batir da sansani ya kasa. Ta gyaɗa kai.

"Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

Ya zame jikin ƙofa ya zauna a ƙasa yana kuka, sabon kuka, na uban da aka kawo wa labari yanzun nan. Ta rungume kansa a ƙirjinta. Tukunya na ƙonewa a kicin, fanka na juyawa a sama, ba wanda ya tashi.

Da gari ya waye ta ji shi yana fito a banɗaki. Ya fito ya nemi shayi, ya ce idanunta sun kumbura, ko sauro ne, sannan ya tambaya yaushe Barewa zai dawo daga sansani.

Ta koma shagon.

"Ina guntun da ka yanke?"

"An share, Mama. Masu shara sun kwashe tun jiya. Wani abu ne?"

Ta gaya masa, a taƙaice, tana kallon tarin rediyon. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗauki kaset ɗin da hannu biyu.

"To in yanke ƙarshen gaba ɗaya. Ya tsaya da kansa, ki huta."

Ya jawo reza. Ta ga kaifinta a hasken fitila, sai ta ɗora tafinta a kan kaset ɗin.

"A can yake numfashinsa na ƙarshe, ɗan nan. Ban taɓa kallo ba, amma na san yana nan a ajiye. Ba zan sa masa reza ba."

Ta dawo gida da kaset ɗin a ƙarƙashin mayafi. Ɓoye shi ba zai yiwu ba, ta ga inda hakan ya kai su. Barinsa ya wuce ba zai yiwu ba. Sabuwar alama take buƙata, alama kuwa ba ta samuwa sai an kalla.

Bayan azahar Koci ya kwanta. Ta rufe ƙofar ɗakinsa, ta rage sauti, ta zauna a kujerarsa. Ta ga ɗanta. Ta manta yadda yake taɓa kunnensa kafin ya yi bugun kusurwa, ta manta ƙafarsa ta hagu ta ɗan karkace kamar ta mahaifinta. Bayan hutu ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya kwasa da gudu, hoton ya yi ƙit, sai ga shi yana dawowa yana dariya, abokai na dukan bayansa. Cin ƙwallon ya tafi da guntun da aka yanke. Ihun ya tafi. Murnar kawai ta rage, ba dalilinta. Wani mai talla ya ratsa bayan kyamara yana cewa "Ruwan sanyi! Ruwan sanyi!" Ta riƙe wannan. Nan ne.

Ta ɗaga rimot don ta tsayar. Yatsanta ya ƙi. Ta zauna da hannu a sama, ta raka shi gudunsa har inda ya durƙusa, har inda wani ya rufe kyamarar da tafin hannu. Ta cusa mayafi a baki don kada Koci ya farka.

Rana ta juya, haske ya sauka a hannun kujera.

"Kyaftin! Za a take!"

Ta tura kaset, ta miƙa rimot, ta tsaya bayan ƙofar kicin tun daga usur ɗin farko, yatsanta a kan soket. Ba ta ɗora tukunya ba. Ga zagin alƙali. Ga hutu. Ga ƙit.

"A'a! Murnar me suke yi? An ci ne? Kyaftin, wa ya ci?"

"Ɗanka ne, Koci."

"Ɗana? Ban gani ba."

Ta ji kaset na komawa baya. Ƙit. Ya sake mayarwa. Ƙit.

"Ban gani ba, Kyaftin. Ina kallo fa, ban ko ƙifta ba."

"Ya ci. Da ƙafar hagu. Kai ma ka yi ihu."

"Na yi?"

Mai ruwan sanyi ya yi kira. Ta danna. Fanka ta fara rage gudu.

Ta ɗauki murfin kwalin ta je ta zauna kusa da shi. Yana kallon baƙin gilashin, rimot a cinyarsa.

"Mutanen nan," ya ce a hankali, "kullum a daidai nan suke ɗaukewa."

Hannunta ya tsaya a iska. Ta juyo ta leƙa idanunsa tana neman mutumin jiya, tana tsoron ta same shi. Bai dube ta ba. Ya laluba ya kamo yatsunta ya riƙe.

"Yi fifitar mana, Kyaftin. In yaron ya dawo sai ya ba mu labarin yadda aka tashi."