Jaka Mai Hoton Zomo

Na haifi 'ya'ya na aurar, ban taɓa jin cewa jariri yana da jaka ba. Zani, tsumma, nonon uwarsa. Da haka muka girma, da haka muka raini wasu, kuma ba wanda ya mutu don rashin zif.

Sunana Tanko. Rake nake nomawa a Nasarawan Doya, ina dafa mazarƙwaila. Matata Indo ta rasu, 'yan matan duk suna ɗakunan mazansu, gida ya rage daga ni sai babban ɗana Zulkifilu da matarsa Samira. Ɗan fari ne, don haka bakina bai taɓa kama sunansa ba. "Kai" nake ce masa, yana kuma amsawa.

Samira ta haifi mace, aka mayar da sunan marigayiya. Washegarin suna uwar Samira, Hajiya Kulu, ta kwashe su zuwa Paki wankan jego, yadda ake yi a haihuwar fari. Wannan bai dame ni ba. Abin da ta faɗa a bakin mota ne ya tsaya mini a rai.

"Malam Tanko, gidan nan naku ba tsohuwa. Maza biyu, wani ya fi wani taurin kai. Ran arba'in ku zo. In na ga mijinta zai iya kama mata, ku tafi da su. In ban gani ba, yarinya tana wurina sai ta yi ƙafa."

Na ce, "Hajiya, mu ma mun yi raino."

Ta ce, "Indo ta yi raino. Kai rake ka raina."

Direba ya yi dariya. Na haddace fuskarsa.

Sai ta yi ƙafa, shekara ke nan. Ni ba kewar kowa nake yi ba. Amma gidan da ya yi mako da kukan jariri, in aka ɗauke kukan, har tafiyar ƙadangare a kan kwano sai ka riƙa ji. Kuma shekaruna sun wuce waɗanda ake cewa "sai baɗi" da ƙarfi.

Shi kuwa ɗan nawa ya ɗauki maganar Hajiya kamar jarrabawa. Ya je Zariya ya dawo da jaka. Ruwan hoda. A jikinta hoton zomo mai haƙora biyu yana dariya, ban san abin da ake ba shi dariya ba. Aljihu a gaba, aljihu a baya, aljihu a cikin aljihu. Wata rana na dawo daga gona na iske shi a bayan rumbu, waya jingine da dutse, wata mata tana magana a ciki, shi kuma yana ɗaura wa kabewa wani farin abu kamar bante. Ya gan ni, na gan shi. Na wuce. Akwai abin da uba ba ya tambaya.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya baje kaya. Na tsaya a kansa.

"Kai. Mene ne wannan?"

"Pampas ne, Baba. Ana ɗaura mata, in ta yi bayan gida ya riƙe."

"Ya riƙe ya kai wa wa?"

"A cire a yar."

"Wato ka sayi abu sabo fil don a yi kashi a ciki a yar."

"Haka ne, Baba."

"Allah ya ba mu lafiya. Wancan fa?"

"Na gogewa ne. Da danshinsa yake zuwa."

"Ruwa ya ƙare a Paki?"

Ya ci gaba da jerawa. Riguna farare, hula, safa da ko babban yatsana ba zai shiga ba, hoda, basilin, shawul, filas ɗin ruwan zafi, katin awo, har da ledar zuba abin da ya ɓaci. Ya jera ya cire, ya sake jerawa. Wai abin da za a fara nema shi ake sawa a sama. Pampas ɗin ne ya hau sama, kamar mai sarauta.

Na ce, "Da na je cin rani Kurmi, buhu ɗaya ya ishe ni, har da fartanya a ciki."

Ya ce, "Baba, ai kai ba ka yi a wando."

Ban so maganar ba, amma ban sami inda zan kama ta ba.

Daga gidanmu zuwa titi dole ka bi ta gaban majalisa, gindin darbejiyar masallaci. A nan Ahmadu yake zama. Tare muka yi kaciya da shi, tun ran nan bakinsa bai rufu ba. Da na je magariba ya tare ni.

"Tanko, barka da arziki. An ce ɗanka ya sami aikin ungozoma."

"Wa ya faɗa?"

"Kabewa."

Majalisa ta kwashe da dariya. Wato wani ya leƙa ta katanga. Na dawo gida na ce wa yaron jakar nan cikin buhun taki za ta fita, ko kuwa ba ta fita. Namiji mai gemu ba ya rataya zomo a kafaɗa, balle don 'yar fari, wadda kamata ya yi a ce ko kallonta ba ya yi a gaban mutane. Ya ce to.

Da safe ya tafi titi tsayar da motar shata, domin damina ce, mota ba ta shiga lungunmu. Na sa babbar rigata ta Juma'a. Sai na tuna ba a zuwa gidan surukai hannu na dukan cinya, shi kuwa ko ƙwayar goro bai sa a jakar ba. Na ɗauko curin mazarƙwaila guda biyu, mafi kyau cikin abin da na ajiye, na naɗe a takarda. Na buɗe jaka. Ba wuri. Na duba abin da ya fi cin wuri ya kuma fi rashin amfani, na kwashe pampas ɗin kaf, na ɗora mazarƙwaila a gurbinsa. Lissafina, in Hajiya ta buɗe ta fara ganin gaisuwa ta san yaron daga gidan mutunci ya fito. Tsumma kuwa babu gidan da ba shi.

Ina tunanin inda zan cusa pampas ɗin sai na ji takun yaron a zaure. Na tura su cikin aljihun babbar riga. Aljihun babbar riga ɗan akuya ma yana ɗauka. Na jefa jaka a buhu na ɗaure baki.

Muka wuce majalisa da buhun taki, ba wanda ya ce uffan. Direba ya sa buhun a but. Shi ne dai wancan mai dariyar. Ya dube ni ya ce, "Baba, har tumbi aka yi." Na sake haddace fuskarsa.

Rana ta buɗe a hanya, mota ta yi zafi kamar tukunyar dafa rake.

A Paki aka yi mana shimfiɗa a rumfar tsakar gida. Muka gaisa da Hajiya, gida, gona, ruwa, masu jego. Shi yana durƙushe can bakin tabarma, kai a ƙasa. Samira ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi fari ta yi ƙiba, na ga ƙullin kayanta a bakin ƙofa an riga an ɗaure. Matan gidan suka cika ƙofofi. Hajiya ta kawo yarinyar ta ɗora mini a cinya.

Na dube ta. Na ce, "Wannan ce amaryar tawa? Ba gashi, ba haƙori."

Hajiya ta ce, "Ai kun dace."

Yarinyar ta tamke fuska, ta yi ja, sai wata ƙara ta fito daga ƙasa kamar babur ya ƙi tashi. Na ji ɗumi a cinyata.

Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi, ta gaishe ku. Zulkifilu, bismillah. Samira, ko tsinke kada ki miƙa masa. Daga jakarsa."

Ya kwance buhu ya zaro jaka, mata suka fara ƙus-ƙus saboda zomon. Ya ja zif. Ƙamshin mazarƙwaila ya tashi. Damina ta riga ta sa ta yi laushi, zafin but ya ƙarasa ta. Ta fasa takarda ta gangara cikin fararen riguna, ta bi hula, ta bi safa, kiyashi kuma sun riga kowa sanin labari.

Hajiya ta ɗaga riga ɗaya da yatsu biyu, launin ƙasa-ƙasa yana ɗiga. Ta ce, "Wata jaririyar ce ta riga tamu?"

Ya tona har ƙasa. Ya buɗe aljihun gaba, na baya, na cikin aljihu. Ba pampas. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya dubi cikina, ya mayar da kai.

Ya ce, "Na manta, Inna."

Hajiya ta ajiye rigar. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To. Samira, kwance kayanki."

Samira ta juya ta shige ɗaki tana goge ido da bakin mayafi.

Ƙarya ya yi. Yaron nan ko lauje bai taɓa mantawa a gona ba. Na zauna da yarinya tana tsala kuka a cinyata, aljihuna cike. In na yi shiru, na tashi da girmana, mu koma mu biyu mu ci gaba da sauraron ƙadangare har baɗi. In na sa hannu a aljihu, matan Paki sun sami abin faɗa, kuma maganar mata ba ta jiran mota, kafin mu isa gida Ahmadu ya ji.

Yarinyar ta kama gemuna ta ja. Hannu ƙarami, riƙo irin na marigayiya.

Na ce, "Bai manta ba."

Na sa hannu na zaro ɗaya. Na zaro wani. Na yi ta zarowa kamar mai rufa-ido a kasuwa, tumbina yana sacewa, har suka yi tsibi a kan tabarma.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Malam Tanko! A jikinka?"

"Kayan amaryata ne. Yaro zan ba wa ajiya?"

Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa, gidan ya kece da dariya. Su yi. Kunyar ɗan fari a kan uba take. Tsakanin kaka da jika wasa ne, ba a tuhumar ango a kan kayan matarsa.

"Mazarƙwailar fa?" in ji Hajiya.

"Taki ce. Gaisuwa. In ba kya so in koma da abata."

"Allah amfana. A jikin riga ake kawo ta a garinku?"

Na ce, "Kai, zo ka yi aikinka."

Ya matso ya shimfiɗa shawul, shi kaɗai mazarƙwaila ba ta kai gare shi ba. Na riƙe mata ƙafafu, ya goge da abin nan mai danshi, ya shafa basilin. Yana ɗaga ta zai tura sabo sai ta sako fitsari, ya bi hannun babbar rigata har gwiwar hannu. Kabewa ba ta koya masa wannan ba. Bai rikice ba, ya sake gogewa, ya ɗauki wani, ya manne dama ya manne hagu. Kuka ya tsaya.

Hajiya ta karɓe ta, ta tura yatsa a ƙugu ta ji ko ya matse, ta juya ta ta duba baya. Ta daɗe tana kallonsa yana ƙulle abin da ya ɓaci a leda.

Ta ɗaga murya. "Samira! Bar kayan a ɗaure."

Sannan ta juyo gare ni. "Ba don kai ba, Malam Tanko. Yaron da ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya yi shiru, shi na ba wa. Wanda ya iya da kai zai iya da jariri."

Na ce mata rana tana yi, hadari kuma yana haɗowa.

Da la'asar mota ta sauke mu a titi. Samira da goyo, shi da ƙullin kaya a ka. Ya miƙa hannu zai mayar da jaka cikin buhu.

Na ce, "Bar shi. Kawo."

Na rataya ta a kafaɗa, zomo yana kallon gaba. Na shige gaba, suna bina. Majalisa cike take. Ahmadu ya miƙe tsaye don ya gani da kyau.

"Tanko! Me nake gani haka?"

"Lefe. Amarya na ɗauko."

"Wannan jirwayen na hannun rigarka fa?"

"Turarenta ne. Kai da wa kake kwana, ban da tari?"

Majalisa ta juya kansa. Na wuce ban ƙara sauri ba.

Yanzu tana gida. Kuka gare ta kamar an aiko ta, na faɗa wa uwarta ba na son mace mai surutu. Ranar awo shi yake haɗa jaka, ni nake ɗauka zuwa titi. Kafin mu fita sai na buɗe na duba ko pampas yana sama, domin yaran yanzu mantuwa gare su.